KOMAI NISAN JIFA: In Kin Biya An Kwashe, Kin Fita Hakki?

'Yan'uwana mata, akwai wata tambaya da nake so mu zauna mu jujjuya ta tare, domin duk da cewa a kan manyan kamfanoni da manyan ƙasashe ta taso, idan aka bi ta a hankali sai a ga ta biyo ta soro ta shigo har tsakar gida. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum yana da wani abu da ya san yana cutarwa, sai ya kira wani ya ba shi lada ya ce ya kwashe ya fitar masa da shi, shin daga nan ya fita hakki ke nan? Ko kuwa hakkin yana nan yana bin sa har inda abin nan ya je ya faɗi?

Kowace mace ta san daɗin da ake ji idan an share gida fes, an yayyafa ruwa, an fitar da kwandon shara. Da zarar shara ta ƙetare zaure, shi ke nan, an manta da ita. Kuma babu laifi a manta da irin sharar da iyayenmu suka sani, wato toka da ɓawon albasa da ƙaiƙayi da kashin awaki, domin wannan ruɓewa take yi ta zama taki, har manoma su zo su ɗiba. Amma zamani ya zo da wata irin shara da ba ta ruɓewa, ba ta kuma mantuwa. Ita ce shara mai guba: dagwalon masana'antu, ragowar sinadaran jima da rini, baƙin man da aka juye daga inji, mataccen batir, sirinji da allurar asibiti, kwalabe da jarkokin maganin feshi, matattun wayoyi da talabijin. Irin wannan in an binne ta sai ta bi ruwan ƙasa ta fito a rijiya, in an ƙone ta sai ta bi iska ta shiga ƙirji.

A yau kwashe irin wannan shara sana'a ce mai zaman kanta, akwai kamfanoni a ƙasashe da dama da ba su da wani aiki sai shi. To amma ba haka abin yake ba tun asali. Har zuwa wajen shekarun 1960, yawancin masana'antun Turai da Amurka bayan katanga suke haƙa rami su binne dagwalonsu, ko su tuttular a kogi. Wa zai biya kuɗi a kan abin da zai iya yi a banza? Doka ce ta haifi wannan sana'a, kuma cikin waɗanda suka sa dokar ta yi haƙora akwai wata matar aure, mai 'ya'ya biyu, wadda ba ta taɓa riƙe muƙamin komai ba.

A jihar Niyok ta Amurka, a garin Niagara Falls, akwai wani tsohon rami da ake kira Love Canal. Daga 1942 zuwa farkon shekarun 1950 wani kamfani mai suna Hooker Chemical ya zuba sinadarai kimanin tan 21,000 a cikinsa, ya rufe da ƙasa. A 1953 ya sayar wa hukumar ilimin garin filin a kan dala ɗaya tak, ya kuma rubuta a takardar ciniki cewa akwai sinadarai a ƙasa, kuma shi babu ruwansa da duk abin da zai biyo baya. Kin ji fa, wai da tawada da alƙalami ya wanke hannunsa. Aka gina makarantar firamare a wajen, gidaje suka kewaye ta. Bayan shekara ashirin da ɗoriya sai baƙin ruwa mai wari ya fara tsattsafowa a ɗakunan ƙasa da filin wasan yara. A 1978 wata mata mai suna Lois Gibbs, wadda ɗanta ya kama rashin lafiya bayan ya shiga wannan makaranta, ta nemi a canza masa makaranta aka ƙi. Sai ta ɗauki takarda ta shiga bi gida gida tana tambayar mata 'yan'uwanta, nan ta tarar da labarin ɓari da cututtuka iri iri. Matan unguwa suka haɗa kai suka hana hukuma sakat, har Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta ɓaci, a ƙarshe aka kwashe iyalai sama da 800 daga wurin.

Dama tun 1976 Amurka ta yi dokar da ta ce duk shara mai guba sai takarda ta raka ta, tun daga ƙofar masana'anta, zuwa hannun direban da ya ɗauka, har zuwa inda aka kashe gubarta ko aka binne ta, kowa ya sa hannu. Bayan abin da ya faru a Love Canal, a 1980 aka ƙara wata doka wadda ta fi wancan zafi, domin ta ce wanda ya samar da gubar yana nan cikin masu alhaki ko da ya biya wani ya ɗauka, ko da an yi shekaru. Kamfanin da ya gaji Hooker kuwa, takardar nan ta dala ɗaya ba ta cece shi ba, a 1995 ya amince ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129 kuɗin gyaran wurin.

To da zubarwa a banza ta zama laifi, sai kasuwa ta buɗe. Kowa da 'yar motarsa da lasisinsa ya fito yana neman kwangilar kwashe guba. Alal misali kamfanin Clean Harbors, a 1980 aka kafa shi a jihar Massachusetts da mutum huɗu masu wanke tankuna, yau ma'aikatansa sun haura 20,000. Haka abin ya kasance a ƙasashen Turai ta Yamma da suka yi irin waɗannan dokoki a wancan lokaci. Daga baya kuma sai manya suka shiga haɗiye ƙanana, saboda aikin yana son jari mai nauyi, da tanderun ƙona guba, da ɗakin gwaji. Shi Clean Harbors ɗin ya sayi Safety-Kleen a 2012, a Faransa kuma Veolia ya haɗiye babban abokin gasarsa Suez a 2022. A ƙasashe matalauta kuwa, kamfanonin da ke da rajista 'yan kaɗan ne, amma masu aikin da hannu, waɗanda babu sunansu a littafin kowa, ba su ƙirguwa.

Kin ga ke nan ƙirga yawan kamfanoni ba ya gaya wa mutum gaskiyar magana. Wata ƙasa adadin ya ragu alhali aikin ƙaruwa ya yi. Wata ƙasa adadin ya ƙaru alhali rabinsu dillalai ne masu ofis da tarho kawai. Wata kuma a takarda kamar babu kowa, alhali yara ne ke yin aikin da hannu babu safa. Abin da yawaitar masu kwashewa yake nunawa tabbas guda ɗaya ne: mutane sun yarda su biya kuɗi don a raba su da guba. Amma ina ake kai ta? Nan fa ake yin ta.

Da tsada ta yi tsada a Turai da Amurka a shekarun 1980, sai wasu dillalai suka lura cewa akwai ƙasashen da ba su da doka, ba su da na'urar gwaji, ga kuma bashi ya yi musu katutu. Mu nan Nijeriya mun ɗanɗana. Tsakanin 1987 da 1988 jiragen ruwa suka yi ta sauke dubban ganguna daga Italiya a Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ruwa a tsohuwar jihar Bendel, wadda yankin yake cikin jihar Delta a yanzu. Nauyin kayan ya kai kusan tan 3,800. Wani ɗan kasuwa ɗan Italiya ne ya shirya cinikin, ya sami wani dattijo mai fili a bayan gidansa, ana ba shi kimanin dala 100 a wata kuɗin ajiya. Gangunan suka zauna a rana da ruwan sama, suka kumbura, wasu suka fashe suna yoyo. Ba hukuma ce ta gano ba, ɗalibanmu ne da ke karatu a Italiya suka ga labarin a can, suka rubuto wa jaridun gida a 1988. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin Italiya a Legas, ta ce sai an zo an kwashe. Leburorin da suka yi aikin lodin wasu suka ƙone a jiki, wasu suka kwanta asibiti. Abin mamaki kuma, jirgin da ya ɗauki kayan, mai suna Karin B, sai ya yi ta gararamba a teku, ƙasashen Turai da dama har da Ingila suka hana shi tsayawa, da ƙyar ya samu ya sauke a Livorno ta Italiya. Wato abin da aka ga ya dace da bayan gidan talaka a Koko, ko a bakin tasharsu ba su yarda ya kwana ba.

A shekarar nan ta 1988 Nijeriya ta kafa doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1989 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Basel, wadda ta ce ba a kai wa wata ƙasa irin wannan kaya sai an sanar da ita ta kuma amince a rubuce. Ƙasashen Afirka suka ga wannan bai isa ba, suka taru a Bamako a 1991 suka ce a hana shigo da ita nahiyar kwata kwata. Sai mutum ya ce to an gama. Ina!

A watan Yuli na 2006 wani jirgi mai suna Probo Koala, wanda kamfanin cinikin mai na Trafigura ya yi haya, ya tsaya a Amstadam ta ƙasar Holan don ya sauke dagwalon da ya rage bayan an wanke wani mai mai arha da sinadari. Kamfanin da ke wannan aiki a tashar ya fara janyewa, sai wari ya tashi, aka gwada aka ga abin ya wuce yadda aka faɗa. Suka ce in dai za a yi aikin yadda ya kamata, kuɗin zai haura dala 600,000. Masu kaya suka ce ya yi tsada, aka mayar da dagwalon cikin jirgi. A watan Agusta jirgin ya isa Abijan ta ƙasar Kwaddebuwa, aka ba wani sabon kamfani mai suna Tommy, wanda bai fi 'yan makonni da samun lasisi ba, a kan kimanin dala 17,000. Da dare motocin tanki suka bi gari suna tuttularwa, a babban jujin birnin da wasu wurare kusan 18. Gari ya waye da wari mai hawa kai, da amai, da ciwon ido, da haɓo. Mutane sama da 100,000 suka je neman magani, hukumomi suka ƙirga aƙalla mutum 15 da suka rasu.

Duba yadda aka raba hukunci, 'yar'uwa. Shugaban kamfanin Tommy, wanda ɗan Nijeriya ne, a 2008 kotun Abijan ta ɗaure shi shekara 20. Trafigura kuwa a 2007 ya biya gwamnatin ƙasar kimanin dala miliyan 198 ba tare da ya amsa laifi ba, a 2009 ya sasanta da mutum kusan 30,000 a kan fam miliyan 30, a 2010 kuma wata kotun Holan ta ci shi tarar yuro miliyan 1 saboda fitar da sharar daga ƙasar ba bisa doka ba. Matsayin kamfanin shi ne cewa ya ba kamfani mai lasisi aiki bisa amana, kuma dagwalon ba zai iya kisa ko mummunar illa ba. To ga tambayarmu ta dawo da ƙafarta. Mai kaya ya ce na biya, ga rasit, ga lasisi. Ya fita?

Ni dai a ganina bai fita ba, kuma dalilina ba mai nisa ba ne. Abin da kuɗi ke saya shi ne wahalar mutum, da motarsa, da ƙwarewarsa. Kuɗi ba ya sayen hakkin wanda ba ya wurin da aka yi ciniki. Mai kaya da mai kwashewa su biyu suka shirya, amma akwai mutum na uku, wato matar da ke talla kusa da juji da jaririn da ke bayanta, wadda ba a tambaye ta ba, ba a ba ta ko kwabo ba, kuma ita ce za ta shaƙa. Mutum biyu ba su isa su yafe wa juna hakkin mutum na uku ba. Sannan kuma ita araha ai magana take yi. Idan masu sanin aiki sun ce miki abu zai ci dubu ɗari shida, wani ya zo ya ce zai yi a dubu goma sha bakwai, ba sai an gaya miki ba, kin san akwai abin da zai tsallake. Ke da kanki in aka kawo miki zinare tsakar dare a kuɗin azurfa, kin san ba gado aka raba ba. Hausawa suna da suna ga mai irin wannan saye, ɓarawon zaune. Wanda ya rufe idonsa da gangan don kada ya gani, ba a lissafa shi cikin makafi.

Amma kada mu yi wa masu ɗaya ra'ayin rashin adalci, domin suna da hujjar da ba ta wasa ba. Cewa suke yi, to idan talakan ne da kansa ya yarda fa? A 1988 an yi wa ƙasar Gini Bisau tayin dala miliyan 600 don ta karɓi tan miliyan 15 cikin shekara biyar, kuɗin da ya ninka duk abin da ƙasar take samu a shekara, kafin surutu ya yi yawa ta janye. Da kuɗin nan ai da an gina asibitoci da makarantu. Wane ne kai, da cikinka a ƙoshe, da za ka hana mai jin yunwa cinikin da ya ga zai fisshe shi? Hasali ma a watan Disamba na 1991 wata takardar cikin gida ta Bankin Duniya, mai ɗauke da sa hannun babban masanin tattalin arzikin bankin na lokacin, Lawrence Summers, ta kawo lissafin cewa ta fuskar kuɗi zalla ya fi sauƙi a kai ƙazanta inda albashi ya fi ƙanƙanta, tunda asarar da ciwo ko mutuwa za ta jawo a can ba ta kai ta ƙasa mai arziki ba. Da takardar ta fita duniya aka yi ca, daga baya aka ce gatse ne don a tayar da muhawara. Ko gatse ne ko ba gatse ba, lissafin da dillalai suke yi ke nan a aikace.

Amsa ita ce, yarda tana da sharuɗɗa. Na farko sani. Dattijon Koko bai san abin da ke cikin gangunan nan ba, kuma wanda aka ɓoye wa gaskiya bai yarda ba, yaudararsa aka yi. Na biyu, mutum kansa kaɗai yake iya yarje wa. Minista ya sa hannu a ofis mai sanyi, amma ba a unguwarsu za a binne ba, kuma gubar za ta fi gwamnatinsa daɗewa, za ta tarar da jikokin da ba a haifa ba balle a nemi shawararsu. Na uku, akwai bambanci tsakanin taimakon mabukaci da cin moriyar bukatarsa. Wanda ya ga maƙwabciyarsa ba ta ɗora tukunya ba, ya ce zai ba ta kwanon masara in ta yarda ya juyo da kwatarsa ta bi ta ƙofar ɗakinta, ko ta ce to, duk unguwa ta san sunan abin da ya yi.

In kina son ki ga yadda yunwa take sa uwa ta yarda da abin da zai cuce ta, dubi abin da ya faru a Thiaroye, wata unguwa a gefen birnin Dakar na Senigal. An daɗe ana fasa tsofaffin baturan mota a wurin ana cire dalma, har ƙasar unguwar ta cika da burbushinta. Da dalma ta yi kuɗi, masu saye suka zo, sai mata suka shiga ɗibar ƙasar nan a buhu suna kaiwa gida suna tankaɗewa, yara na wasa a gefe, na goye na baya. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara ƙanana 18 suka mutu. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abin sawa a bakin salati suke nema wa yaran da suka rasa. Mu ma mun san gubar dalma, domin ita ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje. Wanda ya sayi dalmar Thiaroye da araha, ya san yadda ake tara ta, zai ce shi ciniki kawai ya yi?

Duk da haka akwai iyaka, kada a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Hakki yana tafiya ne daidai da sani da kuma iko. Wanda ya bincika iyakar ƙoƙarinsa, ya biya kuɗin da aikin ya cancanta, ya nemi shaidar inda aka kai, sannan aka ha'ince shi, laifi yana wuyan maha'inci. Kamfani mai ɗakin gwaji da lauyoyi ba daidai yake da uwargida mai kwandon shara ɗaya ba. Kuma ita sana'ar kwashe guba ba abin ƙyama ba ce, in an yi ta da gaskiya tana cikin sana'o'in da suka fi kowace amfani, domin mai yin ta yana tsayawa ne tsakanin al'umma da cuta. Kamfanin Amstadam da ya gwada ya faɗi gaskiyar farashi, ya rasa ciniki, shi ne ya yi aikinsa. Abin da duniya take bukata shi ne irinsa su yawaita, ba masu lasisin jiya ba.

To mu dawo gida, tunda na ce tambayar tana shigowa har tsakar gida. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da matattun kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da aka sani. A Afirka bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Sauran fa? A garuruwanmu mun san masu ɗauka. Su ne 'yan gwangwan da 'yan jari bola masu tura kura suna bi lungu lungu, da almajirin da ke zuwa da safe ya fitar mana da shara a ba shi ɗumame ko 'yan canji. Su ne kamfaninmu na kwashe guba, ba su da safar hannu, ba su da takalmin kirki, ba su da asibiti. Su ke fasa batir su zubar da ruwansa a lambatu, su ke ƙona waya don su fitar da jan ƙarfe, hayaƙin ya bi iska ya dawo mana ta taga. Abin da Italiya ta yi wa Koko, shi unguwar masu hali take yi wa unguwar bayan gari, shi kuma gida yake yi wa yaron da ba ɗan gida ba. Girman ne ya bambanta.

Ba ina cewa ki bi almajiri har bola ba, ko ki hana ɗan gwangwan neman abincinsa. Abin da ke hannunki kaɗan ne, amma naki ne. Reza da allura da sirinji, a zuba su a gorar roba mai kauri a ɗaure murfin kafin su shiga shara, domin hannun da zai tona ta hannun ɗan wata ne. Fasasshen dogon ƙwan lantarki yana da zaiba a ciki, a naɗe shi daban, a kuma gaya wa mai ɗauka. Ragowar magani da ya lalace kada a watsa shi yadda yara za su tsinta su ɗauka alewa ce. Jarka ko kwalbar maganin feshi da fiya-fiya, komai kyanta, ba ta zama ta man gyaɗa ko ta ruwan sha, kuma kada a sayar wa mai sayen kwalabe, a huda ta yadda ba za ta ƙara amfani ba. Batirin mota ko na sola in ya mutu, kada a yarda a fasa shi a cikin gida ko ƙofar gida, gara a mayar wa masu sayar da sabo. Roba da waya da batir ba a hura wuta da su, ba a kuma ƙona su a tsakar gida. Yaron da ke fitar da shara kuwa, a tambaye shi inda yake kaiwa, in wurin da ya dace yana da nisa a ƙara masa lada, domin wanda aka ba kuɗin zuwa bakin kwata, bakin kwata zai tsaya.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya kuma, ba ya fin ƙarfin unguwa. Matan Love Canal ba su da digiri a kan sinadarai, abin da suke da shi shi ne sun san ɗan wa ke ciwo, gidan wa aka yi ɓari, kuma suka ƙi yin shiru. Idan ana ƙona waya ko narka batir kusa da makarantar yaranku, ko wata masana'anta tana sako ruwa mai launi a rafin da ake ban ruwan kayan miya da shi, magana ce da za a kai wa mai unguwa da hukumar kula da muhalli, a yi ta kaiwa har a gaji da ku. A gidan suna da gidan biki muna da lokacin zancen atamfa da leshi, ba za mu rasa na wannan ba.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ƙasar nan da zai faɗo a kai akwai mutane. Saboda haka duk ranar da za ki miƙa wa wani abin da ke kanki ba za ki so ɗanki ya taɓa ba, ki gaya masa mene ne, ki tambaye shi ina zai kai, ki kuma biya shi abin da zai isa ya kai ɗin.